Yadda za ku shigar da AI cikin aikin gyaran ɗabi'ar yara, mataki-mataki

Malaman da ke aiki da yara masu lalurar otizim da masu jinkirin magana ko fahimta, a nan birnin Katsina da Daura da Funtuwa, sun yi ta aiko da tambaya iri ɗaya: shin ChatGPT da 'yan uwansa za su iya rage masu nauyin rubuce-rubucen aikin ABA, wato nazarin ɗabi'a a aikace? Wasu iyayen ma sun tambaya. Za su iya, har su rage kaso mai yawa, amma sai an sa su a daidai gurbinsu. Manhajar ba ta ga yaron ba. Abin da kuka rubuta mata kaɗai take juyawa, kuma in kun ba ta shirme za ta mayar maku da shi a tsare, da kanu da lambobi, har ku ɗauka aikin ƙwararre ne. Shi ya sa jerin matakan nan yake da muhimmanci. Ido da biro ne a gaba, ƙirƙirarriyar basira, wato AI, ta biyo baya.

Kayan aiki da abin da za su ci

Wayar Android mai ɗan sarari ta isa. Kwamfuta tana sauƙaƙa aikin jadawali, amma ba dole ba ce. Sai littafi mai layi, biro, agogon da ke cikin waya, da fawa banki, tunda ba a kan wutar KEDCO za ku ɗora lokacin zama da yaro ba. Ku buɗe adireshin imel na aiki daban da naku na gida. Manhajojin da za ku sauke uku ne: ta hira guda ɗaya, ko ChatGPT ko Gemini ko Claude, Google Sheets don lissafi, da KoboCollect in kuna son cike bayanai a waya ba tare da intanet ba, ku tura daga baya idan sabis ya dawo.

Duk waɗannan suna da tsarin kyauta, kuma da shi za ku fara. Tsarin biya na ChatGPT Plus da na Claude Pro dala 20 ne a wata, sai ku lissafa da canjin ranar. Kada ku biya a watan farko. Hira ta rubutu ba ta cin data sosai, hoto da murya da bidiyo ne masu cinyewa, kuma tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025 kowa ya san bambancin a aljihunsa.

1. Ku zaɓi aiki ɗaya tak

Ku zauna ku rubuta ayyukan da ke cinye maku lokaci bayan yara sun tashi: tsara bayanan zama, rahoton wata, rarraba aiki zuwa ƙananan matakai, takardar horar da sabuwar mataimakiya, saƙon iyaye. Ku ɗauki guda ɗaya, wanda in an yi kuskure a cikinsa za ku gani nan take kuma ba zai cutar da yaro ba. Tsara bayanan zama ya fi dacewa da farawa.

Kafin ku taɓa manhajar, ku yi mako guda kuna rubuta mintin da aikin ke ɗaukar ku. Wannan shi ne ma'aunin farko, irin wanda kuke ɗauka a kan yaro kafin ku fara gyara. Za a neme shi a mataki na 10.

Gargaɗi: abubuwa uku ba sa shiga wannan jerin ko da wasa. Tantance ko yaro yana da otizim, maganar magani, da yanke hukunci a kan yaron da ke raunata kansa ko wasu.

2. Izinin iyaye

Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin shekarar, ta sa bayanan lafiya cikin bayanai masu tsananin sirri, ta kuma ce bayanan yaro sai da izinin mahaifi ko mai riƙonsa. Hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, ce ke sa ido a kai. Ƙananan cibiyoyi da malama mai zuwa gida-gida ba su tsira daga wannan ba don ƙanƙantarsu.

Takardar izini ta zama shafi ɗaya, da Hausa, kuma a karanta ta da baki kafin a sa hannu. A gidaje da yawa uwa ce ke kawo yaro, amma uba ne mai cewa e ko a'a, wani lokacin ma kaka ce ke riƙon yaron. Ku nemi wanda maganar ke hannunsa, kada ku bar uwa ta sa hannu a kan abin da za a tuhume ta da shi da dare. Ga irin yadda za a faɗa:

"Alhaji, akwai wata manhaja ta waya da nake so in riƙa amfani da ita wajen tsara rubutun aikin da muke yi da yaron nan. Ba zan sa sunansa ba, ba zan sa hotonsa ko muryarsa ba, ba zan faɗi unguwarku ba. Abin da na rubuta yana zuwa kwamfutocin kamfanin a ƙasar waje. Ni ce zan duba komai kafin ya zo hannunku. In ba ku so, aikinmu zai ci gaba yadda yake, ba abin da zai ragu. In kun yarda yau kuka canza ra'ayi gobe, ku faɗa mani in daina."

Maganar ƙasar waje ɗin nan kada a ɓoye ta don gudun a ƙi. Wanda ya ƙi, a rubuta a fayil ɗin yaron da jan biro, don kada mataimakiya ta manta.

3. Ku gyara saitin manhajar kafin kalmar farko

A ChatGPT ku shiga saiti, ku nemi "Data controls", ku kashe "Improve the model for everyone", don kada a yi amfani da hirarku wajen horar da manhajar. Ku kashe "Memory" ma. In kun bar shi a kunne, abin da kuka faɗa a kan yaro ɗaya zai iya ɓullowa a rahoton wani. Gemini yana da makunnin ajiye tarihin hira, kuma Google da kansa yana gargaɗin cewa ma'aikata na iya karanta wasu hirarrakin. Claude ma yana da nasa makunnin a sashen sirri. Sunayen nan suna canzawa lokaci-lokaci, sai ku riƙa leƙawa.

Ku sa kalmar sirri mai ƙarfi da tabbatarwa mai mataki biyu, ku kulle wayar. Wayar da yaran gida ke kallon katun da ita da yamma ba wayar wannan aikin ba ce.

Gargaɗi: Meta AI da ke cikin WhatsApp ya fi kowanne kusa da hannu, shi ya sa ya fi haɗari. Saƙon da aka kira shi a ciki yana zuwa wurin kamfanin Meta. Kada a kira shi a guruf ɗin iyaye ko na malamai inda ake ambaton yara da sunansu. Kashe horarwa kuma ba ya nufin hirar ba ta bar wayarku ba. Ko hirar wucin gadi ta ChatGPT ana iya ajiye ta har kwana 30.

4. Ku fayyace ɗabi'ar, ku ƙirga da hannunku

Nan ne aikin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke tsallakewa. "Yana da taurin kai" ba ɗabi'a ba ce da za a ƙirga. "Yana rigima" ma haka. Abin da ake so shi ne bayanin da mutum biyu za su karanta, su kalli yaro, su ƙirga abu ɗaya. Misali: "Faɗuwa ƙasa: yaro ya sauke jikinsa daga tsaye ko zaune har bayansa ko cikinsa ya taɓa ƙasa, ba tare da an ce ya kwanta ba. Ba a ƙirga kwanciya lokacin wasa ko barci. An gama guda ɗaya idan ya tashi ya yi daƙiƙa 30 bai koma ba."

A nan manhajar tana da amfani na gaske. Ku ba ta bayaninku, ku ce ta kawo yanayi goma da za su rikita mai ƙirga. Za ta tambaye ku: in ya durƙusa bisa gwiwa fa? In ya zame daga kujera? In an ture shi? Ku amsa, ku gyara bayanin. Wannan ba ya buƙatar bayanin kowane yaro, saboda haka ba shi da haɗari.

Daga nan sai littafi. Ku ja layi huɗu: lokaci, abin da ya faru dab da ɗabi'ar, ɗabi'ar kanta, abin da ya biyo baya. Ku rubuta abin da ido ya gani kawai. "10:15. Malama ta karɓe waya ta ce a zo a yi rubutu. Ya faɗi ƙasa yana ihu, minti 3. Mataimakiya ta ɗauke shi ta goya, ba a yi rubutun ba." Kada ku rubuta "ya ji haushi" ko "yana so ya ba mu wahala". In kun sa fassararku a cikin bayanan, manhajar za ta ɗauke ta a matsayin abin da ya faru, ta gina komai a kanta.

Ku tara aƙalla zama uku zuwa biyar kafin ku ce kun san inda ɗabi'ar take, in lambobin na hawa da sauka sosai ku ƙara. A wasu zaman ku sa mutum na biyu ya ƙirga daban, ba tare da leƙen littafinku ba. In kun samu 8 mutum na biyun ya samu 10, ku raba ƙarami da babba, ya ba da kashi 80 cikin 100. Wannan ne mafi ƙarancin daidaiton da aka saba karɓa a aikin. In bai kai ba, matsalar tana cikin bayanin ɗabi'ar, ku koma ku gyara. Babu manhajar da za ta gyara ƙirgar da aka yi ba daidai ba.

Ana tallata manhajojin da ake cewa suna kallon bidiyo su ƙirga ɗabi'a da kansu. Shawarata ku bar su tukuna. Ɗora fuskar yaro da muryarsa da cikin gidansu a intanet ya fi duk wani abu a wannan jagorar nauyi, kuma sai kun sake ƙirgawa da kanku kafin ku san ko ta yi daidai.

5. Ku cire duk abin da zai nuna wane yaro ne

Ku ba kowane yaro lamba, kamar Y4. Takardar da ke haɗa lamba da suna ta zauna a durowa mai makulli, ba a waya ba. Cire suna kaɗai bai wadatar ba, musamman a gari irin namu da kowa ya san kowa. In kun rubuta "ɗan shekara shida, mahaifinsa likita ne, suna zaune a Ƙofar Ƙaura, yana da 'yar uwa tagwaye", kun faɗi sunansa ne a fakaice. A Daura ma abin ya fi haka sauƙin ganewa. Ku cire unguwa, makaranta, sana'ar iyaye, sarautar gidan, ranar haihuwa, sunan likita da na malamai. Ku ce "yaro mai shekara 5 zuwa 7", "malama ta ɗaya", "mataimakiya", "babba a gida".

Gargaɗi: ɗaukar hoton shafin littafi a tura wa manhaja ya fi sauƙi, amma sau da yawa sunan yaro yana saman shafin, ko tambarin makaranta yana gefe. Ku rufe da takarda kafin ku ɗauka. Sunan fayil ma a duba. Kuma manhajar tana kuskuren karanta rubutun hannu, tana mayar da 1 ta zama 7, sai an bi layi-layi.

6. Ku gwada ta da aikin da kun riga kun san amsarsa

Ku ɗauko tsofaffin bayanan da kun gama aiki a kansu, waɗanda kuna da izini kuma kun cire shaida. Ku ba ta ku ga me za ta ce. Ku yi mata tarko biyu. Na farko, ku cire bayanan rana ɗaya ku ga ko za ta ce akwai giɓi ko za ta cike da nata. Na biyu, ku gaya mata ra'ayin da kun san ba daidai ba ne, misali "ina ganin neman kulawa yake yi" alhali bayanan na nuna gudun aiki ne. Sau da yawa za ta bi bayanku, har ta kawo maku hujjoji. Halinta kamar na sabon yaron shago ne mai zafin nama wanda bai iya cewa "babu" ba: ko me aka tambaya sai ya miƙo wani abu.

Wanda ya ga wannan da idonsa sau ɗaya ba zai sake karɓar maganarta ba tare da dubawa ba. Duk sabon ma'aikaci a sa shi ya yi wannan gwajin da kansa, gani ya kori ji.

7. Yadda ake rubuta umarni

Umarni mai kyau yana faɗin ko ku su wane ne, me kuka ba ta, me kuke so, da abin da aka hana ta. Ga wanda za ku iya kwafa ku gyara:

"Ni malama ce mai aikin nazarin ɗabi'a. A ƙasa akwai bayanan lura guda 14 a kan yaro Y4. Ki jera su a jadawali. Ki ƙirga sau nawa kowane irin abu ya zo kafin ɗabi'ar, da sau nawa kowane irin abu ya biyo baya. Ga kowane ɗaya daga dalilai huɗu, wato neman kulawa, gudun aiki, neman samun wani abu, da daɗin da jiki ke ji da kansa, ki kawo lambar layukan da ke goyon bayansa da waɗanda ke karo da shi. Kada ki ƙara abin da ban rubuta ba. Inda bayani bai isa ba ki ce bai isa ba. Kada ki ba da shawarar gyara."

Ku lura ba a gaya mata abin da kuke zato ba. Ku rubuta zatonku a takarda kafin ku tura, sannan ku kwatanta. Neman lambar layi shi ne abin da ke ba ku damar kama ta: in ta ce layi na 9 ya nuna an ba shi waya, ku duba layi na 9. Kowane yaro da hirarsa daban, kada a cakuɗa.

Game da harshe, manhajojin nan sun fi ƙwarewa a Turanci. In kuna iyawa, ku yi aikin nazarin da Turanci, abin da zai je wa iyaye kuma a mayar da shi Hausa ku gyara da kanku. Tun ƙarshen 2024 Gboard, wato allon rubutu na Google a waya, yana karɓar Hausa ta murya ya rubuta, abin da ke taimaka wa mai gajiya da danne-danne. Sai dai ku yi hakan a inda ba kowa, kuma kada sunan yaro ya suɓuce maku.

8. Lissafi da giraf

Kada ku bar manhajar hira ta yi maku jimla da baki. Tana iya kuskuren tarawa ta kuma faɗa da cikakken ƙarfin gwiwa. Ku zuba lambobin a Google Sheets, ita kuma ku ce ta rubuta maku fomula da matakan zana giraf na layi. Ku gwada fomular da layi uku da kun lissafa da hannu.

Kurakurai uku ne ke yawan lalata giraf. Ranar da yaro bai zo ba a bar gidan fanko, kada a sa 0, domin 0 na nufin ya zo bai yi ɗabi'ar ba, kuma zai sa ku ga sauƙin da babu shi. Na biyu, in tsawon zama ya bambanta a mayar da ƙirga zuwa awa: sau 6 a minti 30 daidai yake da 12 a awa, ya fi sau 8 a minti 60 yawa, ko da yake 8 ta fi 6 a ido. Na uku, kwanan wata. A tsarin Amurka wata ne ke gaba, sai 3/4 ta zama 4 ga Maris alhali ku 3 ga Afrilu kuke nufi. Ku saita shafin a kan Birtaniya, ko ku rubuta sunan watan.

Ku ja layin tsaye a ranar da aka fara gyara, ku kuma rubuta abin da ya canza a rayuwar yaron: azumi ya shigo barcin gida ya juye, an yi hutun Sallah, zazzaɓi ya kama shi, an yi haihuwa a gidan, zafin Afrilu ya hana kowa sukuni. Manhajar ba ta san ko ɗaya ba sai kun faɗa mata.

9. Kayan koyarwa da tsarin gyara

Wajen rarraba aiki zuwa matakai tana da sauri ƙwarai, amma gidan da take hangowa ba namu ba ne. Ku ce ta rubuta matakan wanke hannu, za ta fara da buɗe famfo ta ƙare da tawul na takarda. Yaronku buta yake amfani da ita, a bakin rariya, wani ne ma ke zuba masa. Koyon shiga bayi ya fi wannan nisa, domin za ta kawo masai na zama da takardar gogewa, ku kuma tsuguno ne da tsarki da ruwa da hannun hagu. Ku fara bayyana mata wurin dalla-dalla, sannan ku ɗauki jerin ku yi aikin da kanku kuna bin sa. A nan za ku ga ta manta naɗe hannun riga, ko ajiye butar kafin a murza sabulu. In alwala ake koya wa yaro, ku rubuta jerin da kanku yadda gidansu ke yi, ita ta taimaka wajen raba kowane mataki gida biyu ko uku kawai.

Tukwici ma haka. Za ta ce sitika da allon taurari da abin tsalle. Ku tambayi uwar me yake so, ku jera masa abubuwa ku ga wanda zai fara ɗauka: dabino, cincin, awara, balan-balan, goyo, tafi, kallon tattabaru, minti biyu na waya. Ku tambaya ko akwai abin da jikinsa ba ya so, kamar gyaɗa, kafin ƙuli-ƙuli ya shigo. Aya da gyaɗa suna iya shaƙe ƙaramin yaro.

Hotunan da AI ke zanawa sai an duba su da kyau. Tana zana yaro yana cin abinci da hagu, ko hannu mai yatsa shida, ko rubutun da ba ya karantuwa. Ga katin hoto na neman abu, hoton kofin yaron na gaske da kuka ɗauka da waya ya fi duk wani zane. Kalmomin umarni kuma su zama waɗanda yake ji a gida. In a gidansu "zamna" ake cewa da "mi kake so", kada kati da bakin malama su zo da wani abu daban don manhaja ta rubuta haka. Yaron da ke fama da magana bai kamata a ƙara masa wannan aikin ba.

Sai tsarin gyaran ɗabi'a kansa. Ku ne za ku rubuta ƙashin bayansa: dalilin ɗabi'ar, abin da za a canza kafin ta faru, ɗabi'ar da za a koya masa a madadinta, da yadda za a amsa in ta faru. Yaron da ke faɗuwa don gudun rubutu, a koya masa miƙa katin "hutu", a rage tsawon aikin, a ba shi hutun nan take in ya nema. Manhajar ta tsara rubutun, ta sauƙaƙa shi ga mataimakiya, ta nuna inda matakai suka ci karo da juna. Iyakarta ke nan.

Gargaɗi mai nauyi: tana yawan cewa "a ƙyale shi, kada a kula". Wanda ya san aikin ya san idan aka janye abin da ɗabi'a ke samowa, takan ƙaru ta yi tsanani kafin ta sauka. Ga yaron da ke buga kai a bango wannan ba abin gwaji ba ne. Kuma in gudun aiki yake yi, ƙyale shi ko fitar da shi daga aji shi ne daidai abin da yake nema. Duk shawarar da ta ƙunshi riƙe yaro da ƙarfi, kulle shi, ko hana shi abinci, a goge ta.

Ɗabi'ar da ta ɓullo kwatsam, a fara da likita. Ciwon kunne, haƙori, ko taurin bayan gida na sa yaron da ba ya magana ya bugi kansa. Ɗauke ido na 'yan daƙiƙu da ake ɗauka rashin kula ne yana iya zama wani nau'in farfaɗiya. Yaron da ba ya waiwayowa in an kira shi a fara gwada jinsa. Sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina da Asibitin Turai 'Yar'aduwa nan ne wurin farawa. Takardar tambayoyi ta M-CHAT-R/F, ta yara 'yan wata 16 zuwa 30, nuni kawai take yi cewa a je a duba, ba ta yanke hukunci, balle hira da manhaja.

Tsarin ya wuce ta hannun mai duba aikinku kafin a fara. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar BACB ta Amurka, mai ba da shaidar ƙwarewa a aikin ABA, ta daina karɓar sababbin masu neman shaida daga yawancin ƙasashe, har da Najeriya, shi ya sa masu neman shaidar aikin a nan suka fi karkata ga wasu hukumomin ba da shaida, IBAO da QABA. Ko a ƙarƙashin wacce kuke, sirrin yaro da tsayawa a iyakar iliminku suna kanku. Ku gaya wa mai duba aikin wane sashe ne manhaja ta taɓa. In manhajar ta ambaci wani bincike, ku nemi sunansa a Google Scholar, shafin neman binciken masana, kafin ku sa a takarda, domin tana ƙirƙiro sunan marubuci da shekara da mujalla waɗanda babu su.

10. Rahoton iyaye, da duba ko abin ya biya

Ku ba ta lambobin da kun tabbatar, ku ce ta rubuta rabin shafi cikin harshe mai sauƙi, ta fara da abin da yaron ya iya. Sai ku karanta da ƙarfi. Hausarta takan fito da ƙamshin Turanci, takan kuma zuba yabon da lambobi ba su goyi baya ba, irin su "gagarumin ci gaba" alhali daga 12 aka sauko 10. Ku goge. Iyalai da yawa sun bi ta wajen ruƙiyya da maganin gargajiya kafin su iso gare ku, wasu suna haɗawa har yanzu. Rahoto ba wurin yi masu gori ba ne, ku duba kada wata jimla ta fito da wannan sautin. Sunan yaron sai a ƙarshe za ku sa shi, a wayarku ko da biro, bayan rubutun ya bar manhajar.

Bayan mako huɗu ku ɗauko ma'aunin da kuka ajiye a mataki na 1. Ku haɗa lokacin rubuta umarni da na dubawa da na gyara, ba lokacin da manhajar ta ɗauka kaɗai ba. Ku ƙirga kurakuran da kuka kama. In lokaci ya ragu kuma kurakuran ƙanana ne, ku ƙara aiki na biyu, a nan ne ma za a fara tunanin tsarin biya. In bai ragu ba ku ajiye ta a wannan aikin, ku gwada wani.

Cibiya mai ma'aikata fiye da ɗaya ta rubuta ƙa'ida a shafi guda ta manna a ofis: wace manhaja aka yarda da ita, wane asusu, me ba a sakawa, wa ke dubawa kafin takarda ta fita. A riƙa goge tsofaffin hirarraki a ƙarshen kowane wata bayan an kwafe abin da ake buƙata zuwa fayil ɗin yaron. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki a canza kalmar sirri. In waya ta ɓace, a shiga asusun Google daga wata na'ura a fitar da ita, a goge ta daga nesa in ta yiwu, a duba bayanan waɗanne yara ne a ciki, a sanar da iyayensu. In abin zai iya jefa su cikin haɗari, doka ta ba da awa 72 a kai rahoto ga NDPC daga lokacin da aka gano.